Cire Kabad ɗin Kicin a Sa Buɗaɗɗiyar Kanta da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, gidan bulo ne. Kabad ɗin saman kicin ɗina na MDF ne, gindinsa ya kumbura, ƙofofi biyu sun ɓalle, kyankyasai sun mayar da shi gida. Kuɗin da kafinta ya yanka mini na sabo ya fi ƙarfina. Ina so in cire shi in sa buɗaɗɗiyar kanta. Zai yiwu da kuɗi kaɗan? Me zan saya, kuma yaya zan yi da ƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yiwu, kuma kuɗinsa bai kusa da na sabon kabad ba, domin abin da ke cin kuɗi a kabad shi ne ƙofofi, hinji, mariƙi, bayan akwatin da kuma aikin haɗa shi, duk kuwa kanta ba ta buƙatar su. Sai dai ki riƙe abu ɗaya tun yanzu: yawancin kantocin da ke faɗowa da kaya, katakonsu lafiya lau yake, wurin da ƙarfe ya kama bango ne ya saki. Saboda haka in za ki tsuke aljihu, ki tsuke a kan katako da fenti. Ƙarfen tallafi da abin da ke riƙe shi a bango kuwa a saye mai kyau.

Na sama kawai za ki cire. Na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin teburin aiki, ki bar shi da ƙofofinsa, ko da gyara za a yi masa. Can ne mazaunin tukwane, buhun shinkafa, garin tuwo, jarkar mai da duk abin da ke da nauyi ko yake jan ɓera. Hinji da mariƙin da za ki kwance daga na sama su za su gyara na ƙasan, kada ki bari a tafi da su.

Kafin ki kashe ko sisi, ki gwada. Ki kwance duk ƙofofin saman da sukundireba, ki ajiye su, ki zauna da kicin ɗin a haka mako biyu ko uku. A nan za ki ga iya ƙurar da ke sauka a kicin ɗinki, wadda ta danganta da inda taga take, ko gidan na bakin titi ne, da kuma yawan suyar da ake yi. Za ki kuma gane kayan da hannunki ke kai wa kullum da waɗanda suka shekara ba a taɓa ba. In akwai akwatin da bai kumbura ba, ana iya barin sa a haka: a toshe ramukan hinji, a goge da samfefa, a yi wa cikinsa fenti, ya zama buɗaɗɗiyar kanta ba tare da an huda bango ba. Amma wanda ya kumbura ya gama aiki. MDF garin katako ne da aka haɗa da gam aka danne, in ruwa ya shige shi ta baki sai ya buɗe kamar burodin da ya jiƙe, ko ya bushe ba ya komawa, kuma sukuru ba ya sake kama shi. In gidan haya ne, ki nemi izinin mai gida tukuna, ki adana abin da aka cire.

Wajen cirewa mutum biyu ake buƙata. A kashe wutar kicin daga babban makunni, a kwashe kaya, a shimfiɗa kwali ko tsohon bargo a kan teburin aiki don kada tayil ya fashe. Akwatunan galibi a haɗe suke da juna ta gefe da sukuru, sai a fara kwance waɗannan. Daga nan a tokare gindin akwatin da katako, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kwance na bango, na ƙasa da farko, na sama a ƙarshe. Kafintoci da yawa da ƙusar kankare suke kafa kabad. Irin wannan in aka fizge ta da ƙarfi takan taho da filasta mai faɗin tafin hannu. Gara a fasa bayan akwatin a kewayen ƙusar a sauke shi, sannan a riƙa kaɗa ƙusar hagu da dama da filaya har ta saki, ko a yanke ta da injin yankan ƙarfe daidai fuskar bango.

Abin da za ki tarar a baya ba zai yi kyan gani ba: bango ba fenti ko ba tayil, ramuka, baƙin kashin kyankyaso, da ƙwansonsu masu kama da ƙwayar wake maƙale a kusurwa. Maganin feshi ba ya ratsa ƙwanson nan yadda ya kamata, don haka a kankare su a ƙone, a wanke bangon da ruwan zafi da sabulu. Manyan ramuka a jiƙa su da ruwa sannan a cika da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, a riƙa yayyafa musu ruwa kwana uku, a bar su su bushe kamar mako guda kafin fenti. Ƙananan ramuka POP ya isa. Ki sa fentin mai ko mai sheƙi wanda ake iya gogewa da soso. Fentin ruwa na ɗaki yana shan maiƙo, bayan wata biyu sai ki ga inuwar kowane kofi a jikin bango. In kuma kika ga filastar tana zubo da gari, ko farin gishiri-gishiri ya fito, ko fumfuna, to danshi ne, ko daga famfo ko daga rufi ko daga wajen ginin. A gano inda ruwan ke shigowa a gyara tukuna, domin shi ya kashe kabad ɗin farko.

Yanzu bangon kansa, wanda shi ne kan maganar. Bulon da ake gini da shi a nan, mai inci 6 da mai inci 9, rami ne a cikinsa. Abin da sukuru zai kama shi ne filasta da fatar bulon, duka-duka santimita 4 zuwa 5, daga nan sai iska. Ga shi kuma masu buga bulo da yawa suna ƙara yashi don buhu ɗaya ya ba da bulo mai yawa. Ki sa a huda rami ɗaya na gwaji a inda kanta za ta rufe. In bakin injin hudawar ya sha wuya, garin da ke fitowa toka-toka ne mai laushi, ramin ya fito da baki tsaf, bangon na da ƙarfi. In kuwa ya shige kamar cikin tuwo, jan yashi na zubowa, ramin ya fi bakin injin faɗi, to fisha, wato robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, ita kaɗai ba za ta riƙe kaya masu nauyi ba.

Dalilin da wannan ke da muhimmanci lissafi ne mai sauƙi. Kayan da ke kan kanta ba ƙasa kawai suke danna ƙarfe ba, suna ƙoƙarin zaro sukurun sama daga bango ne, kamar yadda hama ke zare ƙusa. A ce kilo 20 na kan biraket ɗaya, wato ƙarfen da ke tallafe katakon kanta, tsakiyar nauyin na nesa da bango da santimita 15. In ƙafar biraket ɗin da ke jikin bango ta kai santimita 20 daga sukurun sama zuwa ƙarshenta, jan da sukurun zai sha daidai da kilo 15 ne. In ƙafar santimita 10 ce kacal, jan ya zama kilo 30, da kaya iri ɗaya. Shi ya sa 'yan ƙananan biraket ɗin gwangwani da ake sayarwa a shagon kayan gini, masu gajeriyar ƙafa kuma ba tokari, suke sunkuyawa. Kuma kilo 20 ba wani abu ba ne a kicin: farantin tangaran babba ɗaya yakan kai giram 600 zuwa 800, dozin ɗaya ya doshi kilo 9, jarkar mai ta lita 5 ta haura kilo 4 da rabi.

Shawarata ki je wurin mai walda ya haɗa miki da ƙarfen angul mai inci ɗaya ko inci ɗaya da kwata, kaurin milimita 3. A Kano ana samun ƙarfen a Ƙofar Ruwa, a Kaduna a Fanteka. Awon kowane biraket: hannun da katako zai hau santimita 25, ƙafar bango santimita 20 zuwa 25, da tokari a karkace tsakaninsu. Ramuka uku a ƙafar, na farko kusa da sama sosai, biyu a hannun. Kowane ɗaya zai ci kamar santimita 70 na ƙarfe, tsayi ɗaya, wato cikakkiyar sandar da ake sayarwa, ya ba da bakwai ko takwas. Kafin ki biya, ki sa ya ɗora sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, a kan kowanne a gabanki, domin zafin walda na jan ƙarfe, sai kusurwar ta rufe ko ta buɗe, kuma biraket ɗaya da ya buɗe ya isa ya sa kanta ta sunkuyo gaba. A goge tabon waldar, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai sau biyu. Tururin kicin na sa ƙarfen da ba a yi wa haka ba ya fara zubar da jan ruwa a bango cikin damina ɗaya.

A bango mai ƙarfi, a yi amfani da fisha ta roba mai kyau, lamba 10, da sukuru mai kaurin milimita 7 ko 8, tsawon santimita 7 zuwa 8, mai kan noti da ake ɗaurewa da sifana. Bakin injin ya zama lamba 10 daidai, ramin ya fi fishar zurfi da santimita ɗaya, a hure garin ciki kafin a sa ta. Fisha ta shiga da ɗan bugun hama. In da yatsa ta shige, ramin ya yi faɗi. Akwai irin fishar da ke murɗewa ta yi ƙulli a bayan fatar bulo in ta tarar da rami, ita ta fi dacewa da ginin nan. A rage bugun injin in an kusa ratsa fatar bulon, domin bugun yakan ɓantare cikinta ya rage kaurin da ake dogaro da shi. Abin da ba zan yarda a yi miki ba shi ne feƙe itace a cusa a rami a madadin fisha. Ranar da aka yi yana kamawa gam, amma da hunturu ya shigo itacen ya bushe ya tsuke, sai sukurun ya zare da shi gaba ɗaya.

In bangon mai rauni ne, a dasa ƙarfen. Mai walda ya bar wa hannun biraket ɗin wutsiya ta santimita 10 zuwa 12 a baya, ya tsaga ƙarshenta ya buɗe kamar wutsiyar kifi. Birkila ya fasa rami, ya cusa takardar buhun siminti a cikin ramin bulon daga ƙasa don kada kwaɓin ya zurare, ya jiƙa, ya cika da siminti ɗaya yashi uku, ya dasa wutsiyar, ya tokare ta a kan layi. A bar shi mako guda ana ba shi ruwa kafin a ɗora komai. Wannan ya fi kowace fisha riƙo, illarsa kawai ba a matsar da shi in an canza shawara. A bangon inci 6 da ɗaya gefen sito ne ko wani wurin da ba a damu da gani ba, ana iya ratsa dogon bolti har waje a sa faffaɗan washa da noti.

Akwai kuma inda bai kamata a rataya komai ba: ginin ƙasa, bangon da aka raba da allo, ko gidan hayar da aka hana huda. Nan sai a yi kanta mai ƙafa, da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, kamar tsani biyu da katako ke hawa tsakaninsu, nauyin ya sauka ƙasa. A ɗaure samanta da bango ko da a wuri ɗaya ne, saboda yaro na ganin ta zai ɗauka matakala ce. Wannan in za ki tashi da abarki za ki tafi.

Kafin kowane rami a duba wuta da ruwa. Bututun wayar da aka binne a bango yawanci miƙewa yake sama daga soket ko makunni, wani lokaci kuma a kwance tsakanin soket biyu. Kada a huda daidai saman soket, a kauce da aƙalla tafin hannu. Haka saman famfo da kewayen hita. In ramin zai faɗa kan tayil, a manna selotef ɗin takarda a wurin don kada bakin ya zame, a kashe bugun injin, a yi amfani da bakin huda tayil, a tafi a hankali ana ɗiga ruwa, sai an ratsa tayil sannan a kunna bugu. A tura fishar ta wuce kaurin tayil ɗin, in ba haka ba tana buɗewa za ta tsaga shi.

Sai katako. Allon filawud, da marin bod (filawud mai jure ruwa), da MDF, da HDF (irin MDF da aka fi dannewa) duk awo ɗaya suke zuwa, ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. In aka tsaga allo ɗaya a tsaye gida huɗu, za a samu kanta huɗu masu tsawon santimita 244 da faɗin kusan 30, bayan abin da zarto ya ci. Kicin mai matsakaicin girma rabin allo ma ya ishe shi, don haka ki tambayi kafintoci ko masu yanka a 'Yan Katako na Na'ibawa ko suna da ragowa. Mutanen Abuja su duba Dei-Dei, na Jos kasuwar Katako. Ki sa a yanka a injin kasuwa, ya fi zarton hannu miƙewa. Kaurin ya zama milimita 18, kuma ki sa a auna a gabanki, domin ana sayar da mai 15 ko 16 da sunan 18. Wannan 'yar tazarar ba ƙarama ba ce: ƙarfin allo wajen ƙin lanƙwasa yana tafiya da kauri sau kauri sau kauri a lissafi, ta yadda mai 15 bai kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin mai 18 ba.

Marin bod ko filawud mai kyau shi na fi so a kicin, don gam ɗinsa na jure danshi kuma yana riƙe sukuru. Ki dubi bakinsa, in kin ga ramuka tsakanin yadudduka ki bar shi. MDF ya fi araha kuma fuskarsa sumul take, amma shi ne ya kawo ki nan, kuma yana lotsawa a hankali ƙarƙashin kaya ko da bai jiƙe ba. Falankin katako na gaske yana da kyau in busasshe ne. Matsalar ita ce yawancinsa daga kudu ake kawo shi da ruwansa, in ya sha iskar arewa sai ya murɗe ko ya tsage. In shi kike so, a saya a jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani na wasu makonni kafin a fere. Maɗaci da loko suna da ƙarfi, farin katako mai laushi kuwa ƙwaro na son sa. Kada a shafa wa katakon kanta baƙin mai ko maganin gara irin na rufin ɗaki, wurin abinci ne. Ragowar dutsen giranit yana da sauƙin gogewa, amma mai kaurin santimita 2, faɗin 30, tsawon mita ɗaya, shi kaɗai kilo 16 ne kafin a ɗora cokali, alhali filawud mai wannan girma bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba. Giranit sai a kan ƙarfen da aka dasa.

Tazara tsakanin biraket ita ce inda kafinta ke son rage miki kuɗi, kuma nan ne bai kamata ba. In aka ninka tazarar sau biyu da kaya iri ɗaya a jere, lotsawar tsakiya ninki 16 take ƙaruwa. Ga filawud mai 18 da zai ɗauki tangaran, kada ta wuce santimita 60. Ga MDF, 40 zuwa 45. Abin da ya leƙo bayan biraket na ƙarshe kada ya wuce santimita 15. A manna siririn katako mai kaurin santimita 2 da faɗin 4 a bakin gaba, da gam da ƙananan ƙusoshi, ya sauko ƙasa: yana rufe bakin filawud, yana ƙara masa ƙarfi sosai, yana kuma ɓoye kan ƙarfen.

Ga misali da bango mai tsawon santimita 240 da kanta biyu. Ta ƙasa, mai ɗaukar faranti, biraket 5, tazara kusan santimita 52. Ta sama, mai ɗaukar robobi da kaya marasa nauyi, biraket 4, tazara 70, da katakon baki. Jimilla biraket 9, wato ƙarfe ya ɗan haura tsayi ɗaya, sai mai walda ya cika da guntu. Fisha 27 da dogayen sukuru 27, ki sayi 30. Gajerun sukuru 18 masu tsawon milimita 16 na kama katako daga ƙasa. In suka fi haka tsawo sosai za su ɓullo ta sama. Rabin allo, katakon baki mita 5, samfefa mai kaushi da mai laushi, ƙaramin gam, silikon ɗaya, da lita ɗaya ta fenti ko banish, wadda za ta isa shafi uku. Ki sa a rubuta miki kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, ko ki sayi kayan da kanki.

A shafe katakon ta ko'ina kafin a ɗora shi: sama, ƙasa, gefuna, har bakin da zai jingina da bango. In sama kawai aka shafa, ƙasan zai riƙa shan tururi shi kaɗai, allon ya bankare. Shafi uku, ana goge shi da samfefa mai laushi tsakani, baki kuma a ƙara masa domin ya fi sha. In da hunturu ake aikin, a rufe tagogi a yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti ya bushe da kaushi. A bar shi kwanaki har warin ya fita kafin kayan abinci su hau.

Tsayi kuwa da jikinki za a auna. Teburin aiki yawanci santimita 90 ne daga ƙasa. Kanta ta farko ta zauna santimita 45 zuwa 50 a samansa, don bilenda da filas ɗin shayi su shige ƙarƙashi kuma kada ki buga goshi. Ta biyu santimita 30 zuwa 35 a saman ta farko. Ki auna kula ko kwalbar da ta fi tsawo cikin abin da zai hau, ki ƙara yatsu uku. Wannan ya kai ki wajen santimita 170. Ta uku sai da kujera, kuma abin da sai da kujera ake ɗauko shi ƙura ce za ta mallake shi. Faɗin 30 na ɗaukar babban faranti. Ta kofuna da kwalaben yaji 20 ya isa, kuma siririyar kanta ba ta wahalar da bango.

Kada a ɗauki awo daga teburin ko daga silin a ja layi, domin da wuya ka samu sun daidaita. A sa alama ɗaya, a ja layin da ma'aunin lebur, ko da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina. A kafa biraket na farko da na ƙarshe, a ja zare tsakaninsu, na tsakiya su bi zaren. Inda filasta ta yi kwari a sa washa a bayan ƙarfen. In kantar ta ɗan kwanta baya da milimita 2 ko 3 babu laifi, gaba ne ba a so. Tsakanin katako da bango kuwa, ko a toshe da silikon gaba ɗaya, ko a bar fili da yatsa da tsumma za su shiga. Siririn tsagi mai duhu shi ne ɗakin kyankyaso, da shi za ki mayar da su inda kika kore su.

Saman murhu a bar shi fili. Katako a saman gas hatsari ne, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce duk abin da wuta ke ci ya yi nesa da kan murhu da aƙalla santimita 75. Ko ta gefe, ki bar kamar santimita 30 tsakanin ƙarshen kanta da murhu. Ƙura ita kaɗai da busasshen tsumma take tafiya. Wadda ke ba da wahala ita ce wadda ta haɗu da tururin mai ta zama danƙo, kuma wannan a kusa da wurin suya take taruwa. Fankar fitar da hayaƙi a taga ko a bango kusa da murhu za ta rage miki wanke-wanke fiye da kowace dabara. In da risho ko gawayi ake girki a cikin kicin ɗin, baƙin hayaƙi zai hau komai, a nan kam ki rage kantar zuwa ɗaya.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, kwana biyu sun isa ki rubuta sunanki da yatsa a kan kanta. Maganin shi ne zaɓen abin da zai hau. Farantai da kofunan da ake ci da su kullum ba sa daɗewa har ƙura ta zauna, kofi a kife, faranti na sama a ɗauraye. Kuka, kuɓewa, daddawa, yaji, gishiri da sukari su shiga kwalabe ko robobi masu murfin da ke rufewa gam, nesa da rana, don zafi da haske na kashe ƙamshin yaji kuma suna sa mai ya yi ɗaci. Setin tangaran na biki da manyan kuloli na baƙi su koma rufaffen wuri. Iyayenmu da ke jeren kwanuka da tasoshi a fili sun san kuɗinsa, lokaci-lokaci sai an sauke an wanke an mayar. In ba ki da wannan lokacin, ki bar akwati ɗaya mai ƙofa cikin waɗanda ba su lalace ba, ko ki ja labule mara nauyi a kan waya a gaban kantar da ke nesa da wuta. Masu nauyi su zauna daidai kan biraket kuma kusa da bango. Wuƙaƙe, ashana, magunguna da maganin ƙwari kada su hau kantar abinci, kuma kada a ajiye alewa ko biskit inda yaro zai hango ya nemi hawa.

Kafin tangaran ya hau, a gwada da ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarkoki uku na lita 10 a baje a kan kantar sun ba ki kilo 30. Ki ja layi da fensir a bango daidai saman katakon, ki auna tsayin bakin gaba daga teburin, a bar su su kwana. Da safe in awon bai canza ba kuma ba ki ga garin filasta a ƙarƙashin wani biraket ba, ki jera kayanki. In kan wani biraket ya rabu da bango ko da kaurin farce ne, a sauke kaya, a matsar da shi aƙalla santimita 5 zuwa sabon rami ko a dasa shi. Ƙara ɗaure sukuru a ramin da ya riga ya saki ba ya gyara shi. Bayan mako biyu a bi duk sukurun da sifana a ɗan ƙara matsewa, a sake yin haka in hunturu na farko ya wuce, domin katako kan tsuke a lokacin, gajerun sukurun ƙasa su yi sako-sako.